Tsayin Jifa

Bayan la'asar, idan rana ta fara sanyi, gwaggona takan jawo tabarma zuwa gindin dogon yaron da ke tsakar gidanta a Dakoro ta Nijar, ta zauna ta miƙe ƙafafu. Ƙasar wurin rairayi ce mai laushi, tafin hannu ɗaya ya isa a fafe rami. Sai ta fafe, ta kwance bakin zane ta zubo ƙwallayen aduwa guda 12 waɗanda aka tsotse aka shanya har suka yi haske, ta ware wani ɗan dutse mai santsi a gefe. Sannan ta ɗaga murya: "Ina kishiyata? Taho in kashe ki yau." Jikarta, 'yar shekara huɗu, takan baro duk abin da take yi ta zo ta durƙusa a bakin ramin.

Carafke za su yi. Duk wadda ta yi ƙuruciya a ƙasar Hausa ta san ta: ki cilla dutse sama, kafin ya sauko ki kwaso 'ya'yan daga rami, ki cafe, ki sake cillawa ki mayar da su, ki bar ɗaya a waje. In an gama 'yar ɗaya a shiga 'yar biyu, daga nan 'yar uku. Wasan manyan 'yan mata ne, masu shekara bakwai zuwa sama. Hannun 'yar shekara huɗu bai kai ba, idonta ma bai iya rabuwa gida biyu ba, ya bi dutse a sama ya kuma ga rami a ƙasa. Da yawancinmu ne, cewa za mu yi ta bari sai ta girma. Ita Gwaggo raba wasan ta yi: jifa da cafewa nata, ɗauka ta yarinya. Ta cilla dutsen har ya kusa taɓa ganye, yarinyar ta sa hannu ta zaro ƙwallo ɗaya kafin ya dawo, ta miƙe tana tsalle.

Na daɗe ina kallonsu kafin in gane abin da hannun tsohuwar ke yi. Ashe jifan ba tsayinsa ɗaya ba. Idan yarinyar ta ci sau uku a jere, sai dutsen ya rage tashi da kamar kamu guda. In ta sake ci, ya ƙara raguwa. Da ta kuskure sau biyu ta fara turo baki, sai ka ga dutsen ya koma can sama, ba tare da an ce uffan ba. Tsayin jifa shi ne yawan lokacin da aka ba yarinya, Gwaggo kuwa tana auna shi da ido, jifa bayan jifa, yadda wasan ba zai yi sauƙin da zai gundure ta ba, ba kuma zai yi wuyar da zai sa ta kuka ba. Yarinyar ba ta san ana yi ba. Abin da ta sani kawai, kullum tana dab da faɗuwa, kullum kuma tana sha da ƙyar.

Bakin Gwaggo ma ba ya hutawa. Kowane ƙwallo da ya fito sai an ƙirga shi. Can sai ka ji ta ce, "Ɗaya, biyu, huɗu." Yarinyar ta daka mata tsawa: "A'a Kaka, ukku!" Ta ce, "Ashe? To ƙirga mini in gani, idona ya tsufa." Sai yarinyar ta bi su da yatsa, tana taɓa kowanne tana kiran lambarsa. In ta gama a tambaye ta, "Ke nan nawa gare ki?" A nan ake gane wanda ya iya ƙirga. Yara da yawa suna rera ɗaya zuwa goma kamar waƙa, amma ka ajiye musu ƙwallo biyar su taɓa ɗaya sau biyu, su tsallake wani, in ka ce nawa ne su sake farowa daga ɗaya. Masu nazarin tunanin yara, irin su Rochel Gelman da Randy Gallistel a aikinsu na 1978, sun nuna cewa ƙirga ba ta tabbata sai yaro ya san kowane abu lamba ɗaya yake ɗauka, lambobin suna da jerin da ba ya sauyawa, lambar ƙarshe kuma ita ce jimilla. Kuskuren da Gwaggo ke yi da gangan yana gwada na biyun, tambayarta ta ƙarshe tana gwada na ukun.

Takan faɗi da gangan, ta saki dutsen ya dira a rairayi, ta riƙe baki ta ce kishiya ta gama da ita. Ba kullum ba dai. Wani lokaci sai ta cinye wasan tas, ta bar yarinyar ta ɗanɗani rashi, ta zuba mata ido har fushin ya sauka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tashinta. Wasa na cikin daɗinsa, yarinya na cewa a ƙara, sai ta tattara ƙwallayenta ta ƙulle. Na taɓa tambayarta, "Gwaggo, me ya sa kike tashi alhali tana so?" Ta ce, "Ɗan nan, in ka bari yaro ya ci har ya ture kwano, gobe ba ya marmari. Da sauran yunwa ake ɗauke hannu."

Wannan ita ce gwanintar da nake son in yaba, iya wasa da ƙaramin yaro. Ba mu ba ta suna ba, ba a gadonta kamar ƙira ko wanzanci, ba a kuma biyan mai ita, shi ya sa ba a lissafa ta cikin sana'o'i. Amma wanda ya gwada zama da ɗan shekara uku na rabin sa'a ya san ba kowa ke da ita ba. Wani masanin Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934 yana ɗan shekara 37, ya yi bayanin cewa tsakanin abin da yaro ya iya shi kaɗai da abin da ya fi ƙarfinsa akwai wani ɗan tsukin fili, wato abin da zai iya in an kama masa. A cikin wannan tsukin koyo ke faruwa. Filin kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, na yau ba na jibi ba ne, dole mai koyarwa ya yi ta binsa. Masu bincike a Jami'ar Harvad ta Amurka sun ce a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sababbin mahaɗai sama da miliyan ɗaya a kowane sakan, abin da ya fi ƙarfafa su kuma shi ne ba-ni-in-ba-ka tsakanin yaro da babba: ya yi ƙara a amsa masa, ya nuna abu a faɗa masa sunansa. A carafken nan ta mutum biyu, yarinya tana riƙe doka a ka, tana danne hannunta har dutse ya tashi, tana sauya dabara in an koma 'yar biyu. Waɗannan su ne ginshiƙan da karatu da lissafi za su hau daga baya.

Ba banza ba gwanintar ta fi zama a hannun kakanni. A al'adarmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Idan lokacin yaye ya yi, gidan kaka ake kai yaro. Tsakanin kaka da jika kuwa babu wannan shamaki, wasa ma wajibi ne: jika namiji miji ne, mace kishiya. Da yake an halatta musu tsokanar juna, yarinya tana iya cewa "Kaka kin yi kuskure" ba a ce ta yi rashin kunya ba, kuma ba ƙaramin abu ba ne yaro ya sami babban da zai gyara wa magana. Bayan kaka sai 'yar raino, yayar nan 'yar shekara tara ko goma da ke yawo da ƙani a baya, tana yi masa fassarar duniya duk inda suka bi.

Daga nan matakan suna da yawa. Akwai kacici-kacici da dare, inda ake koyon kwatanta abu da abin da ba shi ba. Akwai maganganun karya harshe da ke tilasta wa kunne ya raba ka da ƙa, da da ɗa, aikin da zai yi wa yaro rana ranar da aka ɗora masa baƙaƙe. Akwai shanun laka da motar kara. Akwai kuma aike, wanda a Nijar darasin lissafi ne mai zaman kansa: kuɗin da aka rubuta wa 25 sunansa dala biyar, mai 100 dala ashirin, mai 500 dala ɗari. Yaron da aka ba dala ashirin ya sayo gishirin dala biyar ya kawo canji daidai, yana ninkawa da rabawa da biyar tun bai taka lakwal ba.

Ƙololuwarsu a wurina dara ce, wadda Zabarmawa ke kira dili. A Dakoro da Kornaka da Birnin Lalle, duk inda inuwa take da rairayi, za ka iya tarar da maza sun duƙa a kanta. Gidaje 30 ake tonawa, layi biyar na shida-shida. Kowa na da 'ya'ya 12, wannan tsinke, wancan tsakuwa. Da farko ana dasawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku a lokacin dashe ba. In an gama, gidaje shida kacal suka rage fanko, sai a fara tafiya taki ɗaya-ɗaya, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku cif ya cire ɗan abokin wasansa guda. Huɗu a jere ba su ci. Gwani tun a dashe yake cin wasan, domin yana ganin jerin da ba a yi ba tukuna, yana kuma neman ya kafa wani ɗa da in ya matsa nan ya cika uku, in ya dawo ya cika wasu ukun. Yaro yakan fara da tsugunno a gefe yana kallo, a aike shi tsinto tsakuwa. Wata rana wani dattijo ya zaunar da shi, ya bar masa ƙofa a buɗe don ya ga ko zai lura. Hannu ɗaya ne da na Gwaggo, tsayin jifan ne ya ƙaru.

Sai ga salula ta shigo gidan. Ɗan Gwaggo, mahaifin yarinyar, ya dawo daga cin rani a Agadas da waya mai shafawa, masu shagon caji a bakin tasha suka tura masa wasannin yara a ciki. Ɗaya daga ciki na ƙirga ne: 'ya'yan itace su bayyana, lambobi uku su fito a ƙasa, yaro ya taɓa wadda ta dace, a yi masa tafi.

Ni ba na cikin masu tsine wa irin waɗannan wasanni. Mai kyau a cikinsu aikin gwanaye ne, kuma in ka duba da kyau, abin da Gwaggo ke yi suke ƙoƙarin koya wa na'ura: ta ƙara wuya in yaro ya ci, ta sassauta in ya kasa, ta ba shi amsa nan take. An kuma gwada an gani. Tsakanin ƙarshen 2017 da farkon 2019, gasar Global Learning XPRIZE mai kyautar dalar Amurka miliyan 15 ta raba kwamfutocin hannu a ƙauyukan yankin Tanga na Tanzaniya, aka bi yara kusan 2,700 har wata 15. Da farko waɗanda ke iya karanta ko da kalma ɗaya ta Swahili ba su kai 10 cikin 100 ba; a ƙarshe 45 cikin 100 suna karanta kalma, 30 cikin 100 suna karanta jimla. Manhajoji biyu, Kitkit School da onebillion, suka raba babbar kyautar a watan Mayun 2019. Sai dai a lura da abu uku. Yaran sun girmi jikar Gwaggo, 'yan shekara bakwai ne zuwa sama. Wasannin da harshen ƙasarsu suke magana. A ƙauyukan kuma an ɗora wa wasu mata, waɗanda ake kira iyayen ƙauye, kula da cajin na'urorin da hasken rana da kuma ganin sun isa hannun yara.

Ga ƙanana sosai kuwa labarin ya sha bamban. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta kawo jarirai 'yan wata tara, 'ya'yan masu jin Ingilishi, ta sa masu jin Sinanci suka zauna da su sau 12 suna yi musu wasa da karatu. Jariran suka koyi rarrabe sautukan Sinanci. Wasu jariran aka nuna musu mutanen nan dai, da maganar nan dai, amma ta talabijin, ba su ɗauki komai ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allon waya ko talabijin, 'yan biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce sa'a ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Ta ce in zama za a yi, gara karatu da ba da labari tare da mai raino. Tatsuniya ke nan.

Gwaggo ba ta ji ko ɗaya daga cikin wannan ba, amma kwana biyu ta yi tana kallon jikarta da wayar ta gano inda gizo ke saƙa. Yarinyar ba ƙirgawa take ba. Lambar farko take taɓawa, in ba a yi tafi ba ta taɓa ta biyu, in ba a yi ba ta taɓa ta uku. Gwaggo ta ce wa ɗanta, "Wanga abu naka tafi yake koya mata nema." Ba ta hana ba. Karɓar wayar ta yi ta riƙe a hannunta, ta kwance bakin zane. Doka ta zama kafin a taɓa gilashi, sai an ajiye ƙwallon aduwa ɗaya a tabarma a madadin kowane ɗan itace, a ƙirga su da Hausa, sannan a nemi lambar. Wayar da Faransanci take ƙirga. In ta ce "turwa", Gwaggo ta karkata kai ta ce, "Mi yac ce, kishiya? Ni ban jin maganar mushe." Yarinyar ta ce, "Ukku yake nufi, Kaka." Ta zama tafinta, ita ke fassara wa babba. In an yi zagaye kaɗan sai wayar ta shige ƙarƙashin matashi, da sauran yunwa.

Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ta san siffar lambobi, a madannan ƙaramar salularta ta koye su wajen kiran 'ya'yanta. Wannan ma an taɓa auna shi a ƙasar nan. A 2009 da 2010, Jenny Aker ta Jami'ar Tufts da abokan aikinta, tare da ƙungiyar CRS, sun shigar da ƙananan wayoyi cikin azuzuwan yaƙi da jahilci na manya a ƙauyukan Doso da Damagaram. Waɗanda aka koya wa aiki da waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Malami yana nan a ajin, da harshen gida ake karatun, wayar dalili ta ba su na yin bita kullum.

Maganar harshe ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaron Dakoro, ko Bahaushe ne ko Bafillace ko Buzu daga wajen kwarin Tarka, yakan zo aji na farko da kai cike da ƙirga da kacici-kacici, sai a tarbe shi da harshen da ba a yi a gidansu. Awon karatun ɗalibai na PASEC na 2014 ya nuna ɗaliban Nijar da ke gama firamare da karatun da ya kai mizani ba su kai ɗaya cikin goma ba. An samu ci gaba a na 2019, amma mafi yawa ba su kai ba har a lokacin. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa tare da Faransanci a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ina fata masu ƙera manhaja na Maraɗi da Yamai da Kano za su zo su durƙusa a bakin ramin carafke kafin su rubuta komai, su ga yadda ake rage jifa, su kuma ƙera wasan da ke bukatar mutum biyu.

Akwai dalilin da ya sa abin ya fi nauyi a nan. Dakoro ta san tamowa. A yunwar 2005 tana cikin garuruwan da likitocin MSF suka buɗe cibiyar jinyar yara. Yaron da yunwa ta taɓa yakan yi shiru, ya daina neman wasa, manya su ma su daina yi masa, sai rashin ya zama biyu. A Kingiston ta Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor ta fara bin yara 129 da tamowa ta tsumbure, 'yan wata tara zuwa 24. Wasu daga cikinsu, ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda ake wasa da yaro da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka sake nemo su, aka tarar abin da suke samu ya fi na waɗanda ba a yi wa ziyarar ba da kashi 25 cikin 100. Abin da aka ɗauki ma'aikata aka horar don su kai gida-gida a can, shi ne gwaggona ke ƙulle da shi a bakin zane.

Da na koma bayan shekara biyu, yarinyar ta shiga lakwal, ta kuma iya jifa da cafewa da kanta, har 'yar huɗu take kaiwa. Wata la'asar Gwaggo na kwance tana fama da ciwon gwiwa, na ga yarinyar ta fafe rami a gindin dogon yaron, ta zaunar da ƙanenta ɗan shekara uku. Ta cilla dutsen da iyakar ƙarfinta, ya zaro ƙwallo, ta cafe da hannu biyu. Da suka tara uku ta bi su da yatsa tana satar kallon fuskarsa. "Ɗaya," in ji ta, "biyu, biyat." Yaron ya tsaya, ya dubi ƙwallayen, ya dube ta. Daga kan tabarma Gwaggo ta ce, "Jira shi, kishiya. Kada ki hwaɗa mishi."